Shaidar da Ilu Ya Bayar

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani birni da ba sai na kama suna ba. Ilu ake ce masa, facin keke yake yi a bakin kasuwa. Shi da wani ɗan garinsu, Hashimu, a shagon wani tela suke kwana. Sai tela ya tashi daga aiki su shimfiɗa tabarma, kafin ya zo sun naɗe. Kowannensu ɗakin haya yake nema. Kun dai san birni: ɗakin da aljihunka zai iya, ko akuya ba ta kwana ciki, mai kyau kuwa ya fi ƙarfinka. Abin ya fi damun Hashimu, don matarsa na ƙauye wajen iyayenta, ga ciki, kullum saƙonta ɗaya: sai yaushe?

Rannan Ilu ya dawo baki har kunne. Ya ce, "Hashimu, Allah ya yi! Gidan wata Hajiya Tasalla, bayan marina. Ɗaki ɗaya da ɗan makewayinsa a ciki, kuɗin kuma na talaka. Sharaɗinta guda, ba ta ba baƙo ɗaki sai ɗan garinsu ya shaide shi. Na ce ai ina da Hashimu. Gobe ka je mini, jibi in kai kuɗi."

Hashimu ya ce, "Barka." Baki ne ya faɗa.

Ku saurara, jama'a. Gobe ta yi, Hashimu ya je. Hajiya ta ce, "Yaya halin ɗan'uwan naka?" Ya sosa ƙeya ya ce, "To, Hajiya, gwauro ne dai. Abokai, hira, tsofaffin tayoyi a tsakar gida. Ni kuwa da iyali nake, in za ki ba ni."

Ta dube shi ta ce, "Na ji. To kai wa zai shaide ka?"

Ga shi duk birnin nan ɗan garinsu ɗaya ne, Ilu.

Ta ce, "Dawo gobe, ai Ilun zai zo."

Washegari Ilu ya yi sallama, ya tarar da Hashimu a zaure, kai a ƙasa. Hajiya kuwa ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ta zazzage masa komai. Hashimu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sannan ta ce, "To Ilu, ga shi ga ka. Yaya halinsa?"

Ilu ya ce, "Hajiya, tun muna yara na san shi. Salla ba ta wuce shi, bai taɓa ɗaukar allurar wani ba, ba za ki ji kansa da maƙwabta ba."

"Abin da ya yi maka fa?"

"Ya yi, kuma bai kyauta ba. Amma ban taɓa ganin ya yi irinsa ba sai jiya. Matarsa ta kusa haihuwa, ba shi da inda zai sa ta. Ki ba shi."

Hashimu ya ce, "Ilu, don Allah ka zage ni."

Ilu ya ce, "Zagi ba ya ɗaukar katifa, malam. Tashi mu je mu kwaso kayanka."

Hashimu ya sami ɗaki, ranar suna ya sa wa ɗansa Iliyasu, wato sunan Ilu. Amma har Allah ya raba su da birnin, in suna magana, ƙafafun Ilu yake kallo.

'Yan'uwa, shaida amana ce. Wanda ya cuce ka ma, in an tambaye ka halinsa, ba ka da ikon rage masa alherinsa don ka huce. Wani a cikinmu gobe za a tare shi a ƙofar gida a ce, "Wane na neman ɗaki, yaya yake?" Kafin ka buɗe baki, ka tuna akwai ranar da kai za ka zauna a zaure, kai a ƙasa, kana jiran abin da wani zai faɗa. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu rufa na juna.