Akushin da Sarki Jatau Ya Mayar Wayam

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljanu suna amsa sallamar matafiya a bakin rijiyoyi, an yi wasu ƙasashe biyu da rairayin sahara ya raba, Balmari da Shuniya. Balmari ƙasar gishiri da kanwa ce, Shuniya kuwa ƙasar hatsi da marina, inda ake rina tufafin shuni masu sheƙin da ke ɗauke ido. Hanya ɗaya ce ta haɗa su, rijiya ɗaya ce a tsakiyarta, kuma wani tsohon aljani mai suna Gangarau ke tsaron ruwanta bisa alkawarin da ya yi da kakanni: akwai wani akushi na baƙin itace da ke kai da komo tsakanin fadojin biyu kowace shekara, muddin ba a mayar da shi wayam ba, kamar dai yadda maƙwabta ba sa mayar wa juna kwano babu komai, rijiya ba za ta ƙafe ba.

Sarki Jatau na Balmari mutum ne mai adalci, sai dai yabon wani a gabansa yakan zame masa garwashi a ƙirji. Ya duba fadawansa, shunin Shuniya ne a jikinsu. Ya saurari 'yan mata a dandali, waƙoƙin Shuniya suke rerawa. Kai, har rawanin da ke kansa can aka rina shi! Da akushi ya iso a wannan shekara ɗauke da wata alkyabba, fada ta ɗauki kabbara ana sa wa Sarki Anaruwa na Shuniya albarka, sai fuskar Jatau ta murtuke.

Ya ce, "A wanke akushin nan, a mayar masa haka. Tunda ƙasarsa ta fi kowace, me zai yi da abin hannunmu?"

'Yarsa, Gimbiya Kuluwa, ta durƙusa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ko dunƙulen kanwa ne a jefa a ciki. Talaka ma ba ya yi wa maƙwabcinsa haka."

Sarki ya ce, "Har ke ma bakinki ya koma can?"

Ranar da akushi ya iso gaban Gangarau wayam, ruwan rijiya ya nutse har guga ya daina jin ɗuriyarsa. Ayari ya riƙa juyowa da raƙuma a galabaice, gishiri ya taru tuli a kasuwa ba mai saye, rumbuna suka ƙare domin hatsi daga Shuniya yake zuwa. Da kukan yara ya fara shigowa har cikin fada, Sarki ya ɗauki 'yarsa suka tafi rijiya.

Aljani ya taso kamar guguwa, akushin na hannunsa, ya ce, "Ya kai Jatau, ban bari wannan abin kunya ya isa Shuniya ba. Cika shi da kanwa, ka ɗora a kanka, ka ratsa birninsu da ƙafa har gaban sarkinsu. Duk abin da ka gani ya burge ka, in ka haɗiye yabonsa, akushi zai ƙara nauyi. In ya taɓa ƙasa, ni da rijiyata mun tafi har abada."

Sarki ya cika akushi da kanwa ya ɗora a kai, shi da Kuluwa suka nufi Shuniya. Tun daga ƙofar birni ya ga ganuwa ta fi tasa tsawo, ya yi gum, wuyansa ya sunkuya. Ya ga karofin marina jere, ya kawar da kai, akushi ya ƙara danne shi. A tsakiyar kasuwa ya faɗi bisa gwiwa, gumi ya jiƙe masa riga.

Kuluwa ta ce, "Baba, don Allah ka faɗa. Kalma ce fa! Yaran Balmari na jiranka."

Ya cije leɓe, ya ce cikin maƙogwaro, "Kasuwar... ba laifi."

Akushi bai ko motsa ba.

Ta ce, "Haba Baba, ba laifi kuma?"

Sai Sarki ya ɗaga murya har mahauta suka juyo, ya ce, "Ta fi tawa! Ganuwarsu ta fi tawa, rininsu babu kamarsa, kuma na daɗe da sanin haka!"

Nan take akushi ya zama kamar faifai a kansa, ya miƙe ya taka har fada.

Sarki Anaruwa ya sauko daga karaga ya karɓi akushi da hannunsa, ya ce, "Ya ɗan'uwana, ashe ciwo ɗaya ke cinmu. Tun da kanwarku ta yanke, karofinmu suka mutu, shuni ya ƙi kama zare. Ni kuwa kullum na ɗanɗana miya sai na tuna gishirinka ke mulki a tukunyar gidana, raina ya ɓaci."

Sarakunan biyu suka dubi juna, dariya ta ƙwace musu. A ranar ruwa ya dawo rijiya har ya tumbatsa, ayari ya kama hanya, marinan Shuniya suka tafi koyar da rini a Balmari, masu haƙar kanwa suka zo Shuniya da iyalansu. Yarima Tanimu, ɗan Anaruwa, wanda ya ga yadda Kuluwa ta tsaya wa mahaifinta a kasuwa, ya nemi aurenta, ita ma ta ce ta yarda.

Aka yi biki na ƙasaita wanda mutane da aljanu suka halarta. Ana cikin walima Sarki Jatau ya suɗe hannu, ya matso kusa da amarya ya ce, "Girkinsu ya fi namu, kin ji na faɗa da bakina. Amma in kin tare, ki riƙa tuna musu gishirin wa ke ciki."