Bai Zauna Ba

An yi wani mutum, malamin jami'a, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bincike a kan bankuna. Dakta ake ce masa. Abin da ya yi suna a kai shi ne yadda jita-jita ke kayar da banki. Yakan gaya wa ɗalibansa cewa ba siminti da ƙarfe ne ke riƙe da banki ba, yarda ce. Ranar da masu ajiya suka fara zargi, kowa ya ruga ya kwashe nasa, to ko lafiyayyen banki ne sai ya durƙushe. Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan magana, don wanda ya koyar da ita bai riƙe ta ba.

Ofis ɗaya suke da amininsa, Dogo. Tebur na kallon tebur, fanka ɗaya mai ƙara, butar shayi ɗaya. Ranar da za a haifi 'yar Dakta ta fari, wadda yake kira Mamana, Dogo ne ya kai uwar asibiti. Shi Dogon nan yana da wata kalma a bakinsa. In lissafi bai gamsar da shi ba, sai ya karkata kai ya ce, "Bai zauna ba." Shayi ma in sukari ya yi kaɗan, bai zauna ba.

To su masu bincike suna da wata ƙa'ida. In mutum yana so a buga aikinsa a mujallarsu, sai a cire sunansa a aika wa wani masani ya duba. Mai rubutu bai san mai dubawa ba, mai dubawa bai san mai rubutu ba. Don a yi adalci aka tsara haka.

Dakta ya aika da aikin da yake sa ran zai kai shi kujerar farfesa. Aka dawo masa da shi, an ƙi. A cikin bayanin mai dubawa ya ci karo da wannan: hujjar ba ta zauna ba.

Ya ɗaga kai. Ga Dogo can yana hura shayi.

Bai tambaye shi ba. Mai zato yana tambaya ne? Ai yana ganin ya riga ya sani. Ya sa wa aljihun teburinsa kwaɗo. Ya fara zuwa da shayinsa daga gida. Dogo ya ce, "Dakta, ko ka ga ina zuba wani abu a butar ne?" Dakta ya yi yaƙe, a ransa ya ce: ka ji mai laifi, tun ba a tuhume shi ba yana kare kansa. In Dogo ya gaishe shi da fara'a, munafunci ne. In ya yi shiru, kunya ce ta kama shi.

Sai ga Mamana, wadda ta bi sahun ubanta a karatu, ta yi aure, tana koyarwa a wata jami'a, ta fara yawan leƙo ofishin. Yakan tarar da su sun haɗa kai da Dogo, da ya shigo sai su yi tsit. Ya kai ƙara wajen matarsa. Ta ce, "Haba maigida, baffanta ne fa." Ya ce, "Baffan da ya ci uba zai bar 'ya?"

Ana nan, sai wata mujalla ta aiko masa da aikin wani ya duba, ba suna. A kan gudun masu ajiya daga ƙananan bankuna ne. A shafin farko ya ga an rubuta cewa bayanin da magabata suka yi bai zauna ba. Zuciyarsa ta yi fari. Allah ya kawo Dogo hannu! Bai buɗe shafi na biyu ba. Ya rubuta cewa alƙaluman da ke cikin aikin ƙirƙirarsu aka yi, babu bankin da ya taɓa ba da su. Ya san a wajensu babu tuhumar da ta fi wannan muni. Shi ya sa ya zaɓe ta.

Ya zauna yana jiran ya ga Dogo ya rame. Dogo yana nan garau.

Wadda ta shigo masa falo da kuka Mamana ce. Ta ce, "Baba, an dakatar da ni daga aiki. Wani marar tsoron Allah ya ce ƙarya na shirya. Alƙalumanka ne fa, na bincikenka na farko. Baffa Dogo ne ya yi ta gyara mini, muka ɓoye maka don in an buga in kawo maka ka sa albarka."

Ya 'yan uwa, nan Allah ya buɗe masa ƙofar tuba. Kalma ɗaya ce: ni ne. Bai faɗa ba. Ya ce ta yi haƙuri, Allah zai tona asirin azzalumi.

Allah kuwa ya karɓa. Irin wannan tuhuma ba a barinta a rufe. Aka kafa kwamiti, aka ce mai dubawa ya zo da hujjarsa. Da Dakta ya tura ƙofar ɗakin taron, ga 'yarsa zaune, ga Dogo a gefenta ya zo yi mata shaida. Ta miƙe da murna, ta ɗauka ya zo tsaya mata ne. Sai ta ga kujerar da aka nuna masa.

Shugaban kwamitin ya ce, "Dakta, alƙaluman nan daga aikinka aka ɗauko su. Ko dai ƙarya ka buga a wancan lokaci, ko ƙarya ka rubuta yanzu. Wanne za mu rubuta?"

Dakta ya ce, "Ban karanta ba."

Aka wanke yarinya, aka kore shi. Aka kuma gaya masa cewa wanda ya ƙi aikinsa wani tsohon masani ne a wata ƙasa, Dogo bai taɓa ganin takardar ba. A bakin matakala ya tare 'yarsa ya ce, "Wallahi Mamana, da na san naki ne da ban yi ba." Ta ce, "Na sani, Baba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Shi Baffa me ya yi maka?"

Har yau tana zuwa gaishe shi, tana durƙusawa yadda ya kamata. Amma ba ta sake nuna masa ko layi ɗaya da ta rubuta ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai saci kwabon kowa ba. Kalma ya ji, ya ɗora mata hukunci, ya rufe da shaidar zur don yana ganin ba mai ganin sunansa. An cire suna a takarda, an cire shi a wajen Allah ne? Wanda zuciyarsa ke raya masa wani abu game da ɗan uwansa, ya tashi ya je ya tambaye shi tun yau, tun bai kwashe amanar shekaru a kan abin da bai zauna ba.

Allah ya raba mu da mugun zato, ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga shaidar zur. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu daga sharrin hannayenmu. Amin.