Ƙashin Jiminar Gungu da Gawayi

Dalilin da ya sa kuke ganin iyayenku na binne gawayi in sun tono dogon ƙashi a gonar albasa, ku matso ku ji. Kai mai dariya, ka ma fi kowa matsowa.

A da, wannan gungun namu na tsakiyar kogi yana da wata tsuntsuwa, jiminar gungu. Ta fi akuya tsayi, fiffikenta bai wuce tafin hannu ba, ba ta tashi. In ruwa zai yi ambaliya sai ta yi wani kuka mai kauri kamar ana buga turmi, mutane su gudu kan tudu.

Ƙwai biyu take yi a shekara. Al'adar ita ce a ɗauki ɗaya, a shafa wa ɗayan gawayi. Wanda aka shafa, ba mai taɓa shi.

Wata shekara sheƙa bakwai kaɗai ta rage. Wata mata, Tabawa, ta je ɗiba, ta ɗauki ɗaya a kowace sheƙa, ashe ta bar gawayinta a murhu. Ta ce, "Gobe na dawo in shafa."

Da la'asar yayarta Kulu ta bi wurin, ta ga ƙwai bakwai farare tas. Ta kwashe.

Da ta kawo su gida, Tabawa ta ce, "Yaya, ina kika samo waɗannan?"

"A sheƙa mana. Ba gawayi a jikinsu."

Tabawa ta dubi tukunya, ruwa har ya tafasa. Ƙwan duk suna ciki.

Tsuntsayen ba su yi kuka ba. Kowacce ta tsaya a kan sheƙarta tana kallon gidan Tabawa, ba ci ba sha. A tsaye suka mutu.

Da damina, rana tsaka, ruwa ya zo ba sanarwa. Kulu tana wanki a bakin kogi, ya tafi da ita. Sai bayan ya janye Tabawa ta ji kukan nan mai kauri yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ta zauna tana kuka, tana tura gawayi cikin laka, har ta tsufa.

Ni ban taɓa ganin tsuntsuwar ba, ƙashinta kawai na sani. Amma kukan na ji shi sau ɗaya, kuma ba na fatan in sake.

Shi ya sa har yau in fartanya ta ci karo da ƙashin, sai mu sa masa gawayi mu mayar da ƙasa, mu ce, "Mun shafa, ki yi haƙuri." Ba ta taɓa amsawa ba.