Farin Wurin da Cindo Ya Bari a Jikin Baka

Dalilin da ya sa maharban Tsaunin Gauraka suke rina bakansu baƙi wuluk su bar tsakiyarsa fari, faɗin yatsa shida, shi zan gaya muku yau. Wanda ya ce muku wai rini ne yake ƙare musu, ku ce na ce ƙarya yake yi. Ku matso kusa, ni ba zan yi ta ɗaga murya ba.

A da can, bakan garin nan baƙi ne tun daga wannan kai har wancan, ko ɗigon fari babu. Mai sassaƙa shi kuwa mutum ɗaya ne, ana ce masa Cindo, don yatsa shida gare shi a hannun hagu. Sana'ar gado ce, ubansa ya yi, kakansa ya yi, kuma dukansu a bayan gidansa aka binne su. Cindo yakan saro dargaza, iccen da ake yin baka da shi, ya jingine ta a ɗakin girki, ta shekara cur tana shan hayaƙi, sannan ya sa mata gizago. In ya gama sassaƙa sai ya dafa bagaruwa da kashin maƙera, ruwan ya yi baƙi ƙirin, ya riƙe bakan ta tsakiya yana shafawa da tsumma. Daga nan ya gusa hannunsa, ya shafe inda ya riƙe, ya bi da man kaɗe. Mutum ne mai taurin kai, in ya ce a'a, to ko za a yanka shi a'a ɗin ce.

To, akwai wata al'ada a garin. Da damina ba a farauta, saboda haka da ruwan farko kowane maharbi yakan kai bakansa zauren Sarkin Baka a ajiye, sai kaka ya karɓa. Aikin Sarkin Baka ne ya riƙa hura hayaƙi a zauren saboda gara. Sarkin Baka na lokacin, Bagudu sunansa, ga baki ga son a yaba masa, amma ga ganda. Ya rufe zaure ya manta da shi. Da kaka ta yi, ɓauna suka fara sauka gonaki suna tattake dawa, dagaci ya sa ranar farauta nan da kwana goma. Bagudu ya buɗe zaure. Wayyo! Baka arba'in, gara ta cinye su tas, sai tsirkiya a ƙasa da tulin jar ƙasa.

Maimakon ya tara mutane ya ce ga abin da ya faru, sai ya shiga daji ya saro ɗanyar dargaza arba'in, ruwa na tsattsafowa daga bakin saran. Da rana tsaka, kowa na gona, ya kwaso su ya zube a gaban Cindo.

"Cindo, baka arba'in nake so kafin kwana goma. Ka rine su baƙi, kamar yadda ka saba."

Cindo ya ɗauki ɗaya, ya danna farce, ya sansana. "Ranka ya daɗe, wannan ai jiya aka sare ta."

"To, sai me? Ba tun yana ɗanye ake tanƙwara icce ba?"

"Ana tanƙwara shi, amma ba a harbi da shi. Ɗanyen baka ja uku yake yi ya saki. Kibiya ta faɗi a gaban mutum, ɓauna kuma ba ta jira a sake ɗanawa."

Bagudu ya duba dama, ya duba hagu, ya rage murya. "Wa zai sani? In rini ya hau, ɗanye da busasshe duk ɗaya ne a ido. Zan ce musu kyauta ce, na sabunta musu."

"Ni na sani," in ji Cindo. "Ba zan rina ba."

Nan fa Bagudu ya tashi da masifa. Ya ce shi ne Sarkin Baka, duk mai taɓa baka a garin nan a ƙarƙashinsa yake. Ya ce in kwana goma suka cika babu baka arba'in rinannu, Cindo zai bar garin, ya bar gidan ubansa da kaburburan da ke bayansa. In kuma ya kuskura ya buɗe baki ya gaya wa wani, hukuncin ɗaya ne. Ya kaɗe riga ya fita.

Cindo ya daɗe a zaune yana kallon itacen nan. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama shi, don bai taɓa kwana a wani gari ba tunda aka haife shi. Matarsa Tabawa ta fito daga madafa, duk ta ji abin da aka yi.

"Maigida, ka yi masa abin da yake so mana. Ina za mu da tsufanmu?"

"Zan yi masa," in ji Cindo. "Ya ce in sassaƙa, zan sassaƙa. Ya ce in rina, zan rina. Ya ce kada in yi magana, bakina alaikum. Ɗora mini bagaruwa."

Kwana tara yana sassaƙa. Ran na goma da hantsi ya sa aka fito da tukunyar rini ƙofar gida, inda maharba suka taru suna jiran kyautar Sarkin Baka. Bagudu na zaune a kan buzu, sai murmushi yake yi ana yi masa kirari. Cindo ya ɗauki baka na farko, ya damƙe tsakiyarsa da hannun hagu, ya shafe sama, ya shafe ƙasa. Kowa na jira ya gusa hannu ya shafe tsakiya. Ina! Sai ya jingine shi a bango haka nan, ya ɗauki na biyu.

Bagudu ya ce, "Kai Cindo, ka manta tsakiya."

Cindo ya yi kunnen uwar shegu da shi. Ya rina na biyu, ya jingine. Na uku, na huɗu, kowanne da farin wuri daidai faɗin hannunsa. Rinin yana gangarowa yana bin yatsunsa, har hannun ya yi baƙi zuwa gwiwa, bai ko goge ba.

"Magana nake yi maka! Shafe wurin nan!"

"Ranka ya daɗe, ka ce in rina, ga shi ina rinawa. Nan ɗin hannuna ne a kai, ni kuwa ba na sakin baka."

Akwai wani tsohon maharbi a wurin, Tunau, mai ido ɗaya, wanda ɓauna ta taɓa tunkuya tun yana saurayi. Ya tashi da sandarsa ya ɗauki baka ɗaya. Ya duba farin wurin. Ya danna farcen babban yatsa, farcen ya nutse, ruwa ya taso. Ya kai hanci ya sansana. Ya ajiye bakan a ƙasa a gaban Bagudu, ya koma ya zauna. Na kusa da shi ya tashi ya yi haka. Kafin a jima baka arba'in na zube a gaban buzun Sarkin Baka, kirari kuwa ya mutu.

Tunau ya ce, "Sarkin Baka, ina namu na da?"

Bagudu ya yi tsuru-tsuru, gumi na keto masa. Ku kuna tsammani kunya za ta sa ya saduda? Haba, ba ku san Bagudu ba. Borin kunya ya tashi yi. Ya nuna Cindo da yatsa ya ce ya ci amanar sarauta, kada rana ta faɗi yana garin. Maharba suka yi ta gunaguni, amma sarauta sarauta ce, dagaci kuma surukin Bagudu ne. Babu wanda ya iya hanawa.

Cindo bai roƙi kowa ba. Ya zagaya bayan gida ya tsaya a kan kabarin ubansa, ya yi kuka, ya share ido. Ya rataya gizago a kafaɗa, Tabawa ta ɗauki tukunyar rini a ka, suka bi hanyar gabas. A shekarar nan ba a yi farauta ba, ɓauna suka ci dawa son ransu, aka sha wuya. Amma ba a binne maharbi ko ɗaya ba.

Daga ranar, duk bakan da aka kawo garin a rine gaba ɗaya, sai maharbi ya zaro wuƙa ya kankare tsakiyarsa ya danna farce kafin ya karɓa. Wanda yake son na kirki kuwa sai ya yi tafiyar kwana uku zuwa inda Cindo ya sauka. Da abin ya ishi Bagudu, don shi kansa ba shi da bakan da zai riƙe, sai ya aiki Tunau da goro, ya ce Cindo ya dawo gida, an yafe masa.

Cindo ya saurara har Tunau ya gama. Kewar gida na cin sa, kowa ya gani a fuskarsa. Ya mayar da goron, ya ɗaga hannun hagunsa, wanda rini ya riga ya kama har cikin farce.

"An yafe mini? Baba Tunau, ka ce masa hannuna bai wanku ba tukuna."

Can ya zauna, can ya mutu, can aka binne shi nesa da ubansa.

Shi ya sa har yau maharbin Tsaunin Gauraka ba ya karɓar baka sai ya ga farin icce a tsakiyarsa ya danna farce, kuma in mai sassaƙa zai auna wurin, yatsunsa biyar yake ɗorawa, ya ƙara ɗaya na Cindo.