Uban da Ya Shanye Maganin 'Yarsa

An yi wani mutum a garinmu, Den Helder na ƙasar Holan, gida uku tsakaninsa da namu. Ba zan kama sunansa ba. Sauke kifi yake yi a tashar jirgin ruwa, kuma hannunsa ya fi bakinsa sauri.

'Yarsa ɗaya ce, Renske. Tana da shekara tara ta bar kekenta a bakin ƙofa, ya yi tuntuɓe da shi. Ya hau sama ya same ta, ya hankaɗo ta daga kan matakala. Kun san matakalar gidajenmu, a tsaye take kamar tsani. A asibiti ya ce santsin safa ne ya kwashe ta. Uwar ta yi gum, har ta koma ga Allah.

Ƙashi ya haɗe, ciwon baya bai tafi ba. Renske ta girma tana tafiya a karkace, tana dogara sanda. Da ta shekara ashirin da biyu, likita ya rubuta mata oksikodon, ƙwayar nan mai kashe ciwo, mai kama jiki.

Nan take uban ya zama mai tausayi. Ya ce, "Yi zamanki, gimbiya, ni zan riƙa karɓo miki."

A kantin maganin unguwarmu, in ka faɗi sunan mara lafiya da ranar haihuwarsa, sai a miƙo maka. Shi kuwa bai san ranar ba. Sai da ya shiga banɗaki ya duba kalandar ranakun haihuwa da marigayiya ta rataye, ya ƙirga shekarar da yatsu, ya rubuta a 'yar takarda ya sa a aljihu. Kullum daga takardar yake karantawa. Ya 'yan uwa, wannan uba ne?

Rabi yake ba ta, rabi ya haɗiye. Da farko wai kafaɗa ke damunsa, daga baya ko hujja ba ya nema. Shekara biyu ana haka. In ta yi nishi ya ce, "Raki gare ki, kamar uwarki."

Da abin ya ishe ta, ta je ta roƙi likita ya ƙara mata. Ya ce, "Biyu a rana ba sa isar ki?"

Ta ce, "Biyu? Ai ɗaya ce, likita."

Suka kalli juna. Ranar ta ba shi labarin matakala. Ya ce wanda aka cuta yana ƙarami, ƙwayar nan ta fi saurin kama shi. Ya shimfiɗa mata hanya biyu: ko ta ci gaba da ita, ko a janye ta sannu a hankali, a gwada tabar wiwi ta kantin magani, a aune, ana dafa ta kamar shayi. Bai ɓoye mata ba, ciwon ba zai tafi duka ba. Ta zaɓi shayin, ta bar masa gidan, ta kama hayar ɗaki a ƙasa inda ba matakala, ta riƙa karɓo maganinta da kanta.

Uban ya tare ta a titi yana kumfar baki. "Wiwi! Kin zubar mini da mutunci a gari!"

Ta ce, "Baba, mutuncin ne ya sa kake zufa cikin sanyin Janairu?"

Ya koma sayen ƙwaya a lungu. Wata Lahadi da rana ya fito daga ɗaki yana layi, safa a ƙafarsa. Santsin da ya yi wa ƙazafi shekara goma sha biyar da suka wuce, ranar ya zo da gaske, ya kwaso shi daga kan matakala. Bayansa ya karye.

A asibiti aka ba shi ƙwayar nan, amma jikinsa ya riga ya saba, kamar ruwa yake haɗiya. Ihunsa har ɗakin jira. Ya aika a kira Renske, ta zo.

Ya ce, "'Yata, ɗan sam mini shayin nan naki."

Ta ce, "Magani ai sai da ranar haihuwa. Yaushe aka haife ni, Baba?"

Ya shiga lalube. Rigar asibiti ba ta da aljihu. Ta ɗauki sandarta ta fita. Yana nan kwance har yau, kuma ni dai ban zubar masa da hawaye ba.

Ya 'yan uwa, yaron da ka daka ba ya gama jin zafi ranar da ka huce. Maganin mara lafiya kuma amana ce, wanda ya ci ta, ita za ta ci shi.

Allah ya kiyaye mu daga sharrin hannuwanmu, ya saka wa duk wanda aka zalunta tun bai iya kai ƙara ba. Amin.