Larabar Dogo

Akwai wani matashi da aka ɗauka manaja a wani kamfanin kai kaya, mai manyan motoci goma sha takwas da direbobi kusan talatin. Mutumin kirki ne, ba ya wulaƙanta kowa, amma fa akwai gaggawa. In ya fara bayani ko numfashi ba ya tsayawa yi. Direbobi suka laƙaba masa Sauri, har ya saba yana amsawa.

Da zuwansa ya kawo manhajar raba aiki. Kowane direba zai ga tafiyarsa a waya: ranar tashi, inda za shi, da kayan da zai ɗauka. An yi gunaguni da farko, amma kafin wata ya ƙare kowa ya saba. Har tsohon bakanike, wanda da ko saƙo bai iya turawa ba, ya koma yana yi wa mutane gori.

Mutum ɗaya ce ta ƙi, wato Inna mai tsara tafiye-tafiye. Shekara goma sha tara tana ɗan ofishinta na bakin ƙofa, da fanka mai ƙara, da babban littafi, da biro ɗaure da zare don kada direbobi su yi gaba da shi.

Abin da ya fi ba Sauri haushi, ba kasawa ta yi ba. Cikin kwana biyu ta koya, hannunta ma ya fi nasa. Amma in za a canza wa direba rana, a littafi take yi, ta kira mutum ta gaya masa da baki. Sai waya ta ce kaza, littafi ya ce kaza. Sau biyu mota tana kwana da kayan mutane saboda wannan ruɗani.

Ranar Alhamis ya same ta. “Inna, ke uwa ce a wurina, amma aiki aiki ne. Nan da Litinin, ko ki rufe littafin nan, ko in rubuta takardar sallama.”

“To, manaja. Allah ya kai mu,” in ji ta. Ta ci gaba da rubutunta.

Ya zaci za ta zo ba da haƙuri. Shiru. Ya rubuta takardar ya sa a aljihun tebur, ransa ba daɗi, amma ya ce wa kansa taurin kai ne na tsofaffin ma’aikata.

Litinin da sassafe, kafin Inna ta iso, aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Dogo ne, direban da ya fi kowa shiru a garejin. Ya ƙi zama, ya tsaya yana murza hularsa a hannu.

“Ranka ya daɗe, na ji an ce za a sallami Inna. Wallahi laifin nawa ne.”

“Naka kuma? Kamar yaya?”

Dogo ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, “Tun da ɗanmu ya rasu, maiɗakina ba ta dawo daidai ba. Larurar ƙwaƙwalwa ce. Duk Laraba da safe nake kai ta ganin likita, kuma ba ta yarda da kowa sai ni. Shekara uku ke nan. Ko maƙwabtanmu ba su sani ba. Inna kaɗai na gaya wa, ita take kauce mini tafiyar Laraba.”

Sauri ya ce a hankali, “Allah ya ba ta lafiya. To ai manhajar ma tana canza rana.”

“Tana canzawa, amma sai an cika gurbin dalili. Abin da aka rubuta kuwa kowa yana gani. Ka san bakin direbobi, kafin rana ta yi tsaka labari ya kai unguwa. Ina da ’ya’ya mata uku, ba na so a riƙa nuna su da baki.”

Sauri ya karɓi wayar Dogo ya duba. Ai kuwa ga canje-canjen da shi Sauri ya shigar da hannunsa nan ɓaro-ɓaro: wane ya canza rana saboda gudawa, wane saboda sammacin kotu. Shi da ya kawo manhajar bai taɓa buɗe ta a wayar direba ba. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

Nan take ya kira masu manhajar. Jama’a, minti goma sha biyar! Iyakar abin da gyaran ya ci ke nan, aka mayar da dalili sai mai tsara aiki kaɗai ke gani.

Can sai ga Inna ta shigo da jaka babu komai ciki, ta zo kwashe kayanta. Sauri ya miƙe ya nuna mata gyaran, ya yaga takardar a gabanta.

“Haba Inna, me ya hana ki rubuta wani dalilin kawai?”

“Ƙarya ba zan rubuta ba. Gaskiyar kuma ba tawa ba ce.”

“To ki gaya mini gurbin ne matsalar mana.”

“Ranar da ka tara mu kan manhajar, sau biyu ina ɗaga hannu, ka ce in bari ka gama. Ni dai har yau ban ji ka gama ba.”

Ta gyara tabarau tana duba kwamfutar, sai ta tsaya cak. “Wa ya nuna maka wannan?”

Sauri ya kau da kai. Ta waiga ta taga, ta hango Dogo yana goge gilashin motarsa, ya juya wa ofis baya. Nan ta gane. Ta zauna a kujera, idanunta suka ciko.

“Shekara uku ina riƙe masa,” ta ce. “Na gwammace in tafi gida da ya buɗe bakinsa.”

A ranar ta shigar da aikin mako gaba ɗaya, ta sa littafin a kabad. Aiki ya miƙe, mota ba ta sake kwana da kaya ba. Amma Dogo, duk sanda suka haɗu da manaja, sai ya gaishe shi kansa a ƙasa. Sauri kuwa ya san dalili, kuma abin bai daina damunsa ba.

Darasi: In ka kawo sabon tsari wurin aiki, ka ga wani ya noƙe, kada ka yi saurin cewa jahilci ne ko taurin kai. Zauna ka tambaye shi, ka kuma bari ya gama magana. Wataƙila mutuncin wani yake karewa. Ku tura wa duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa.