Mama Nana da Ba a Taɓa Haifa Ba

Akwai wata mata a Diffa, Yakaka, mai sayar da garin tattasai. Shekarar da mutane suka gudo daga bakin Komadugu, ta tsinci wata yarinya a gefen hanya, iyayenta sun mutu a harin da ya koro mutanen. Ta sa mata suna Fiddausi.

An haifi yarinyar da ganɗa a tsage. Likitoci baƙi sun ɗinke, amma maganarta ta hanci take fita. Abu guda ake ganewa: "Mama Nana."

Yakaka ta ce, "Wata 'yar uwarta ce. Sai na nemo ta."

Ta bar tirenta ta bi sansani-sansani, har sansanin Yebi ta je. Nana kam ta samu da yawa, babu mai yarinyar. Ta daina zama wuri ɗaya. Ga masu agaji sun ce idan dangi ba su fito ba, gidan marayu za a kai ta, can nesa.

Sai ga Zuhura, wadda ta yi karatun gyaran magana a Yamai, ta zo ganin mahaifiyarta. Ta ji Fiddausi a kasuwa, ta ce za ta riƙa zuwa kyauta.

Ta zo da auduga da madubi. Yau hura auduga, gobe hura auduga. Yarinyar kuwa ba ta yarda hannu ya kusanci fuskarta, cizo take kaiwa.

Yakaka ta ce, "'Yar nan, hura auduga aka koya miki a Yamai? Ni mutum nake nema."

"Inna, ki ba ni lokaci."

"Ki je ki gaya wa masu agaji, su ne ba su da shi."

Ranar ma ko tabarma ba ta shimfiɗa mata ba. Washegari Zuhura ta dawo, da tabon haƙori a yatsa, ta zauna a ƙasa.

A hankali wasan ya kai Fiddausi na toshe wa Zuhura hanci tana dariya. Wata safiya ta miƙo nata hancin. Zuhura ta matse shi da yatsu biyu.

"To, wa kike kira?"

"Baba Gana."

Yakaka ta saki rariya. "Me ta ce?"

"Inna, idan iska ta tsere ta hanci, sautin 'ba' yakan koma 'ma', 'ga' ya koma 'na'. Namiji take kira."

Yakaka Babarbariya ce, ta san wa ake ce wa Baba Gana: ƙanen uba. Sai ta tuna duk ranar kasuwa yarinyar na fizgar zanenta wajen motocin tattasai, ita kuma tana ɗalle mata hannu.

Da takalmi wari ɗaya Yakaka ta fita, tana janye da yarinyar. A bakin wata mota, cikin masu lodi, wani mutum mai suna Idrisa ya ajiye buhu, ya durƙusa.

"Kubura," ya ce, sunanta na asali ke nan. Yarinyar ta ruga wajen ƙanen ubanta.

Da yamma Yakaka ta shimfiɗa sabuwar tabarma. "Zauna, Malama. Ina audugar? Saura ta iya faɗin sunanta."

Darasi: Kafin ki zaga duniya saboda mutum, zauna ki ji abin da yake faɗa. Mai ilimin da ya zo taimako kyauta kuma, kada gaggawarki ta kore shi. Ku tura wa wasu, akwai gidan da ake ce wa irin wannan yaro wawa, alhali mai saurare ya rasa.